Garmar da Na Kai Yamai

Tun da na dawo ba a bar ni na sha kunu cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna a majalisarmu ta bakin tasha, sai "Malam Bawa, yaya Yamai?" In na je suna, kafin a shafa fatiha wani ya matso kusa da kunnena ya ce, "An ce yanzu kai ɗan fim ne." To ga shi na rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Kuma bari in faɗa da bakina kafin Oga Sande ya riga ni: a cikin labarin nan akwai wawa guda ɗaya, ni ne. Sauran duk masu ƙaramin hankali ne kawai.

Ga wanda bai san ni ba, a aji huɗu na tsaya da boko, ba don boko ya fi ƙarfina ba, sai don na ga na riga na fahimci inda ya dosa. Na yi aikin masinja shekara da shekaru, kuma a zaman jiran manya a bakin ƙofa ne na rubuta labarin Baushe a littafin 'yan makaranta. Oga Sande, Ibo mai shagon littattafai wanda ya tsufa a Zuru har ya fi wasunmu sanin lungunanta, shi ya buga shi, ƙananan littattafai biyar.

Baushe saurayi ne da ya bi beguwa cikin rami, ya ɓulla ƙasar aljanu a ƙarƙashin dutse. Ya ga 'yar sarkinsu, ya ce yana so. Sarki ya ce a nan ma sai an yi golmo. Baƙo bai san golmo ba: a wurinmu da can saurayi ba ya samun mata sai ya yi wa uban yarinya noma shekara bakwai, shi da abokansa. To gonar aljanu ba irin tamu ba ce. Ka nome gabanka, ciyawa na tsirowa a bayanka. Ka yi huɗa yau, gobe ka tarar layukan sun tashi sun koma gonar maƙwabci. Dawar kanta tana magana, kuma ba ta iya komai ba sai kai ƙara wurin sarki. Littafi uku cikin biyar noma ne. Yaƙi da dodo 'yan shafuka ne a na ƙarshe, su ma don Oga Sande ya matsa mini.

Bara wata yarinya mai suna Ramatu ta kira daga Yamai, ta ƙasar Nijar. Ubanta direban babbar mota ne, shi yake kai mata littattafan tana ƙarama. Yanzu ta girma tana da wurin da ake yin zane mai motsi, wanda yara ke cewa katun, tana so ta mai da Baushe fim. Na ce ta yi. Da damina ta faɗi sai ta turo ɗan samfuri a wayar Oga Sande.

Na ga Baushe. Sun yi masa ƙirji kamar ƙofar shago, na ce ba komai, ni ma haka na so in zama. Sai aka zo wurin noma. Jama'a, a tsaye yake. A tsaye ƙyam, riƙe da wata doguwar sanda yana tura ta gaba kamar mai korar kaji. Kafin in gama salati shekara bakwai ta wuce, an shiga yaƙi.

Na ce, "Oga Sande, mai da shi baya."

Ya mayar. Baushe yana nan a tsaye.

Ku gane abin da ya tayar mini da hankali. Sunana zai fito a farkon fim ɗin nan, da sunan Zuru. In maƙwabtanmu mutanen Ribah da Danko suka ga ɗanmu yana golmo bai sunkuya ba, wa za su zaga? Ba za su je Yamai neman Ramatu ba. Ni ne a kusa. Washegari na je wurin maƙeri ya yi mini garma sabuwa, mai faɗin baki, da ƙota ta gaske, na ce wa Oga Sande ya rufe shago, za mu je mu koya wa wasu noma.

Rigima ta fara tun a tasha. Direba ya ce garma sai saman mota. Na ce garmar da za ta shiga fim ba ta hawa sama tare da awaki. Na riƙe ta tsakanin ƙafafuna. Ba mu kai Mahuta ba motar ta faɗa wani rami, bakin garma ya sami buhun garin barkonon wata mata da ke gabana. Daga nan har Koko ba wanda ya yi magana, atishawa kawai, har direba. Da matar ta sami numfashi ta waiwayo, idanu jajur, ta ce, "Baba, in noman ne ya matsa maka, ka bari mu sauka mana."

Bayan Jega aka tsai da mu a shingen sojoji. Wani soja ya leƙo ya ga garma, ya dube ni, sai na ji ya gaishe ni da yarenmu. Ashe ɗan Kanya ne, can wajenmu. Ya karɓe ta ya jinjina a hannu, ya ce, "Baba, wannan ai ta golmo ce. Ina za ka da ita?" Na gaya masa. Ya ce, "A tsaye? Ka je ka nuna musu!" Har ya sara mini. Ina ganin daga wannan wurin kaina ya ƙara girma, don da muka isa Kamba hulata ta matse ni.

A Kamba muka kwana, da safe muka nufi kan iyaka. Ma'aikacin ya tambayi Oga Sande sana'arsa, ya ce ɗan kasuwa, aka buga masa hatimi ya wuce. Ni na gyara tsayuwa na ce, "Marubuci." Ya dubi takardata, ya dubi garma a kafaɗata, ya ce, "Da ita kake rubutun?" Na karɓi takardata na wuce. A ɓangaren Nijar kuma wani ma'aikaci ya yi mini tambaya da Faransanci. Na ga abin na 'yan boko ne, sai na fito da Turancina na aji huɗu, wanda ban taɓa shi ba tun da na bar aiki. Yana nasa ina nawa, mun kai lokacin da za a dafa shayi, ba wanda ya gane wani. Sai wata mai sayar da fura a gefe ta ce, "Tsoho, katin rigakahi shika tambaya." Na ce, "Au, ga shi nan." Shi kuma ma'aikacin ya ce, "A'a, ashe kana jin Hausa? To mi ya sa ka wahal da mu?" Oga Sande yana can gefe yana dariya har da riƙe bishiya.

Daga Gaya muka shiga doguwar bas. A nan na fara ganin abin mamaki: mota ta tashi ba ta cika ba, wai don lokaci ya yi. Kujera uku ba kowa, suna kallon su, suka tafi. Kuma kowa da lambar kujerarsa, kamar a asibiti. A Zuru motar da ba a zauna huɗu a gaba ba ai ba ta san ta yi tafiya ba.

Tsakanin Gaya da Dosso na leƙa taga. Gonaki dama da hagu, ga manoma, kuma duk a tsaye. Kowa da wata hauya mai ƙota doguwa ta fi shi tsawo, bakinta kamar jinjirin wata, yana tura ta cikin rairayi yana tafiya kamar mai zuwa gaisuwa. Ashe ba masu zane ba ne suka ƙirƙiro abin. Ƙasa guda ce ba mai sunkuyawa sai a salla.

Oga Sande ya ce, "Malam Bawa, ƙasarsu rairayi ce. In ka sa mata garma, iska za ta kwashe. Kowa da irin nasa."

Na ce, "Kai da ka zo Zuru sayar da biro, yanzu kai za ka koya mini ƙasa?"

A Yamai Ramatu ta tarye mu da kanta. Yarinya ce siririya mai tabarau, mai ladabi, irin ladabin da ke sa ka kasa gane ko ana yi maka dariya. Ta sauke mu a wani ɗaki a saman wurin aikinsu, da na'urar sanyi wadda ba wanda ya nuna mana yadda ake kashe ta. Kwana biyu ina yawo da bargo a tsakiyar damina. Da safe a kawo burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai ɓawon da ya kusa raba ni da haƙoran da suka rage mini. Na ce ba tuwo a garin nan? Aka kawo wani tuwon masara mai laushi, irin wanda ake ba wanda aka yi wa aiki a asibiti. Dambunsu da zogale dai, gaskiya, ba zan yi masa ƙarya ba, na ƙara. Da rana ta take kuwa sai gari ya mutu, kowa ya rufe ya je ya kwanta. Na ce wa Oga Sande, "Ka gani? Noma a tsaye, sannan a kwanta a huta gajiyar tsayuwa."

Wurin aikin ɗaki ne babba, matasa maza da mata kamar goma, kowa ya sa kwamfuta a gaba yana zane da alƙalami a kan gilashi. Na tambayi wani aikinsa, ya ce wutsiyar dodo. Na ce yau? Ya ce tun makon jiya. Wata kuma gashi kawai take yi. Ta nuna mini 'yar sarkin aljanu, na ga ƙugunta kamar na zanzaro. Na ce, "'Yata, wannan in ta ɗauko tuwon masu golmo a kai, ai gida biyu za ta rabu kafin ta kai gona."

Bango guda kuma cike yake da ƙananan takardu, farare da jajaye. Ramatu ta ce kowace takarda wuri guda ce a labarin, fararen za a yi, jajayen an cire. Na matsa na karanta jajayen. Littafi na biyu, na uku, na huɗu, duk suna can. Dawa mai kai ƙara, ja. Layukan huɗa masu ƙaura, ja. A cikin fararen kuwa na ga doki mai fuka-fuki da takobi mai wuta, waɗanda ko a mafarki ban taɓa rubuta su ba.

Na ce, "Wannan dokin na wane ne?"

Ta ce, "Na Baushe ne, Baba."

"Wa ya saya masa? Yaron da ko akuya ba shi da ita?"

"Baba, littafi biyar ne, fim kuma awa ɗaya da rabi. Ba wanda zai zauna ya kalli noma na awa guda."

"Mu da muka yi shi shekara bakwai fa? Kuma takobi daga ina?"

"Jarumi sai da makami."

Na ɗaga garma na dangwarar a kan teburinta har kofin shayi ya yi tsalle. Na ce, "Ga makaminsa."

Ba ta yi fushi ba. Ta shafa bakin garmar, ta kira sauran suka kewaye ta suna ɗaukar hoto kamar an kawo ɗan kada. Sannan ta yi mini bayanin yadda suke aiki. Ba da ka suke zana motsi ba. Sai su sa mutum ya yi abin a gaban kyamara, su ɗauka, sannan su bi hoton su zana a kai, ɗaga hannu da sauke ƙafa, ɗaya bayan ɗaya. Wanda suka ɗauka yana noma maigadinsu ne, Isufu, wani tsoho daga wajen Dogon Dutsi, da irin hauyarsu. Ta ce, "Ba mu taɓa ganin yadda kuke yi ba, Baba. In an nuna mana, za mu zana."

Na ce, "Ni zan nuna. Amma da sharaɗi. Yadda na yi haka za ku zana, ba ƙari ba ragi. Kada wani mai wutsiyar dodo ya ce zai gyara mini. Ki yi alkawari a gaban Oga Sande."

Ta yi alkawari. Oga Sande ya ja hannun rigata ya ce a hankali, "Malam Bawa, ka bari a nemo matashi, kai ka tsaya kana gaya masa."

Na ce, "Matashin Yamai? Wanda in biro ya faɗi sai ya kira wani ya ɗauko masa?"

Da safe suka kai mu wani lambu a bakin kogi inda ƙasa ke da laka, ta ɗan yi kama da tamu. Suka kafa kyamara uku, suka lilliƙa mini fararen takardu a gwiwa da gwiwar hannu da ƙugu, wai don su ga inda jiki ke lanƙwasa. Na tuɓe riga, na tofa yawu a tafin hannu, na sunkuya.

Sara na farko, ko a Zuru sai an yaba. Na biyu ma haka. A na uku wani abu ya ce ƙas a bayana, can ƙasa, inda ban san akwai ƙashi ba. Ban tsaya ba, don akwai mata a wurin. Sai dai na miƙe a hankali na dafa ƙugu, na dubi sama kamar mai duba hadari, na fesar da numfashi, na koma. Sara uku, in dafa ƙugu, in dubi sama. Sara uku, in dubi sama. Ba ko gajimare ɗaya a saman nan. Na waiwaya na ga layina ya tafi kamar macijin da aka taka. Can garma ta kafe a laka, na ja ta ƙi, na ja da ƙarfi ta zo gaba ɗaya, na zauna daɓas a ƙasa, ƙafafu a sama.

Ba wanda ya yi dariya, wannan ladabin nasu dai. Isufu maigadi, wanda ya girme ni da shekara biyar ko fi, ya zo ya ɗaga ni, ya ce, "Sannu, Malam. Ba ni in gani." Bai taɓa riƙe garma ba. Ya juya ta, ya gwada nauyinta, ya sunkuya, ya ja layi ɗaya har bakin shinge, miƙaƙƙe kamar an sa igiya. Ya dawo ko haki ba ya yi, ya ce, "Tana da daɗi, amma tana cin baya."

Ramatu ta ce, "Baba, ko mu ɗauki na Baba Isufu?"

A nan ne Allah ya ba ni ƙofar fita, ni kuma na rufe ta da hannuna. Na ce, "Ba ɗan Zuru ba ne. Hannunsa na tsaye ne, wanda ya sani zai gane. Nawa za ku bi."

Ta ce, "To, Baba."

Kwana huɗu ina kwance rub da ciki, Oga Sande na shafa mini man zafi yana cewa bai bar shagonsa don wannan ba. Ranar da za mu taho Ramatu ta ce mu sauko mu ga abin da suka fara. Aka zaunar da ni a gaba, aka sa mini matashi a baya.

Ga Baushe, da ƙirjinsa na ƙofar shago. A kafaɗarsa garma, tawa, har da alamar maƙerinmu a bakinta. Ya tofa yawu a hannu. Ya sunkuya. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Sara ɗaya, biyu, uku. Sai jarumin da zai kashe dodo ya miƙe a hankali, ya dafa ƙugu, ya dubi sama, ya fesar da numfashi. A ƙarƙashin dutse, inda ko saman babu. Ya koma, sara uku, ya dafa ƙugu. Garma ta kafe, ya ja, ya zauna daɓas.

Wannan karon ladabi bai riƙe su ba. Mai wutsiyar dodo har ƙasa. Ramatu ta cire tabarau tana share ido, ta ce, "Baba, ka gyara mana fim. Da Baushe ba ya ba kowa tausayi, yanzu kowa na son ya ga ko zai kai shekara bakwai ɗin. Duba bango."

Na duba. Jajayen takardu sun ragu sosai. Dawa mai kai ƙara ta dawo, yanzu ƙarar da take kaiwa ita ce yawan duban sama. Layuka masu ƙaura sun dawo. An cire dokin. Noma ya sami kusan sulusin fim, kuma a sunkuye, duk abin da na tsallaka iyaka domin shi.

Na ce, "Ba haka ba. Ku cire dafa ƙugun. Baushe saurayi ne."

Ta ce, "Baba, kai ka sa na yi alkawari. Ba ƙari ba ragi, a gaban shaida."

Na dubi Oga Sande. Ya ce, "Ni ne shaidar, Malam Bawa. Kuma ka san ni dattijon coci ne."

Garmar na bar wa Isufu, don ya roƙa, kuma don ba ni da bayan ɗaukarta. Hanyar dawowa ba abin faɗi, sai dai kowane rami daga Koko zuwa Zuru na san shi da ƙuguna.

Da na iso gida na ci tuwon dawa na gaske, sai na kira matata, Maman Lami, wadda muke tare tun kafin a sa kwalta a unguwarmu. Ramatu ta sa mini guntun fim ɗin a waya, na miƙa mata, don in sami mutum ɗaya da zai taya ni jin haushi. Na ce, "Dubi abin da yaran nan suka yi mini. Sun same ni da tsufa suka ɗora wa saurayi. Da sun gan ni lokacin da nake golmonki, da sun san abin da ake kira noma."

Ta kalla har ƙarshe. Ta sa na mai da shi baya, ta sake kallo, ta matso da wayar kusa da ido. Sannan ta miƙo mini ta ce, "Baban Lami, wane tsufa? Ni nake kai muku tuwo gonar babana, ina gani. Haka kake yi kana ɗan shekara ashirin, sara uku ka dafa ƙugu ka dubi sama. Da ba don abokanka ba, da har yau ina gidanmu."